Ƙirga ɗigo a ɗakin duhu

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje shi ne duba tsokar da ake cirowa daga jikin yara masu niyurobilastoma, sankarar jijiya da ta fi tsirowa a saman ƙoda. Tambayar da likitoci ke turo min ɗaya ce: ƙwayar gado ta MYCN, da ke kan kuromosom na 2 (kuromosom su ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), ta ninka kanta ko ba ta ninka ba?

Sunan gwajin FISH. Ana yanka tsokar siririya, a ɗiga mata rini mai ƙyalli, ta kwana, washegari a kashe fitila a duba. Idan lafiya lau, ɗigo biyu na MYCN za ka gani a kowace ƙwayar halitta ta tsokar. Idan ta ninka kuwa, ba a ma ƙirgawa, sai ka ga kamar an watsa gero. A ƙa'ida, sai ɗigon MYCN ya ninka na ma'auni, wato ɗigon da ake kwatanta shi da shi, fiye da sau 4 kafin a ce ta ninka. Kusan kashi 20 cikin 100 na yaran haka nasu yake fitowa, kuma tun 1984 Garrett Brodeur da abokan aikinsa suka nuna cewa wannan nau'in ya fi muni.

Abin da aikin ya koya min, girman ciwo a ido ba ya gaya maka komai. Jariri ɗan ƙasa da wata 18, ciki ya kumbura, cuta ta kai hanta da fata, iyaye sun fid da rai. In MYCN ba ta ninka ba, sau da yawa sa ido kawai ake yi, ƙarin ya saɓe da kansa. In ta ninka, magana ta sauya: kemo mai ƙarfi, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, tiyata, da gasa ƙarin da haske.

Amma "ba ta ninka ba" ba ya nufin an tsira. Akwai yaran da wani yanki na kuromosom 11 ya ɓace musu, su ma nasu da wuya, shi ya sa ake haɗawa da shekaru da matakin cutar.

Abin da ya fi ba ni ciwon kai fomalin ne, ruwan da ake ajiye tsokar a ciki don kada ta lalace. Tsokar da ta daɗe a ciki, ɗigonta dishi-dishi yake fitowa. Likita ya kira: "Malam, a taimaka, iyayen na jira." Ina jin nauyinsa, amma abin da ban gani sarai ba ba na sa masa hannu. Sabon yanki nake nema.