Ƙura a kan farantin sola

Yau da la'asar sakaliya ina dawowa daga aiki na tarar da mai shayin bakin layinmu ya ɗaura tsumma a kan doguwar gora, ya ɗaga kai sama yana ta goge farantin fitilar solar da gwamnati ta kafa mana a titi. Na ce, "Malam, kai ma an ɗauke ka aikin ne?" Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ƙurar hunturu ce ta lulluɓe shi. In bai sha rana ba batirin ba ya cika, ƙarfe goma sai ka ga fitilar ta fara lumshe ido, ni kuma lokacin ne kasuwata ke buɗewa." Ashe tun da aka kafa ta ya jawo teburinsa ƙarƙashinta, ya huta da sayen fetur, mai tsire ma ya biyo shi.

Abin ya tsaya min a rai. Mu da muka ga zamanin da janaretocin dizal ke ruri a gefen titunan Kano don kunna fitilu, mun san sola ci gaba ce, ba musu. A 2023 ma an buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso. Sai dai ranar ƙaddamarwa kowa tafi yake yi, ba a cika jin batun wanda zai riƙa share ƙura ko canza batir in ya mutu ba. Ni dai da za a ji tawa, kafin a ƙara kafa sababbi a fara koya wa matasan unguwa gyaran waɗanda ake da su, a kuma riƙa biyan su.