Santimita 15 ta raba ni da taga

Asabar, da daddare.

Yau mai aikin famfo ya zo duba ɗakin da za mu mayar kicin. Wata biyu ke nan na ƙwallafa rai a kan abu ɗaya: wurin wanke kwanuka a gindin taga, hannuna cikin ruwa, idona a waje. Shi kuwa ko kallon tagar bai yi ba. Bayan gida ya zagaya, ya nemo inda ruwan datti yake fita, ya jawo tef daga can. Mita 6.

Ya ce, "Hajiya, ruwa ba ya hawa tudu. Duk mita ɗaya, fayif yana son gangarar santimita 2 da rabi." Na lissafa, 15 ke nan. Daɓenmu, muddin ba a fasa siminti ba, 8 kawai zai bayar.

Na ce, "Malam, a shimfiɗa shi a haka mana." Ya girgiza kai. Ruwan kicin da maiƙo yake tafe: ya fita da ɗumi, ya huce a hanya, ya daskare a jikin fayif, ɓarɓashin abinci ya manne masa. Nan take na tuna tsohon kicin ɗinmu, yadda ruwa ke tsayawa cak ina zuba tafasasshe ina jira. Ashe laifin shimfiɗa ne tun farko.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne gwiwar nan mai lanƙwasa da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ɗan ruwan da ke kwance cikinta shi ke tare wari. In fayif mai faɗin milimita 40 ya wuce mita 3 babu mashigar iska, ruwa mai gudu kan zuƙe ɗan ruwan nan, sai a ji ƙulu-ƙulu, wari ya biyo baya.

Na nuna masa bututun ruwan sama da ke kusa. Ya ce ba a haɗa ruwan datti da shi, ya rufe maganar.

Mun tsaya a kan a sa wurin wanke kwanukan a bangon gabas: mita 2 daga mafitar ruwan, gangarar santimita 5, gwiwa biyu masu digiri 45 maimakon ɗaya mai 90, da murfin da za a buɗe a zura waya in ya toshe. Maigida ya amince.

Ɗazu na koma ni kaɗai na tsaya gaban zanen allin da ya yi a bango. Raina bai gama saki ba. Gobe zan tambayi magini ko bangon zai ɗauki ƙaramar taga.