Ranar da na kwance hannayen injin shuka

Yau Talata, tun da hantsi har rana ta faɗi ina fama da injin shukarmu mai layi huɗu, kuma abin da na gani ya sa na janye zargin da na shekara ina yi wa irin masarar bara. Tsiron ya fito ba daidai ba, wani ya yi ganye uku wani kuma lokacin yake leƙowa, sai na ɗora wa iri laifi, ashe ciwon yana jikin ƙarafan da ke riƙe da kowane layi.

Kowane layi, wato sashen da ke shuka jeri guda, yana rataye ne a jikin babban ƙarfen injin ta hannaye huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, domin ya hau tudu ya gangara kwari ba tare da ya karkata ba. Hannu ɗaya rami biyu gare shi, wato mahaɗa takwas ke nan a layi guda, kuma a kowane rami akwai bushi, wato ɗan guntun bututu, wanda kusa mai noti ta ratsa. Da na ɗaga injin da tarakta, sai na tokare shi da ƙafafun ƙarfe kafin na matsa kusa, domin haidurolik, wato ƙarfin man da ke ɗaga injin, ba abin da mutum zai ba amanar ransa ba ne. Idan tiyo ɗaya ya fashe, nauyin gaba ɗaya zai sauko. Daga nan na tsaya a bayan kowane layi na kama shi da hannu biyu, na jijjiga sama da ƙasa, sannan hagu da dama. Na ɗaya da na huɗu sun ɗan motsa kaɗan, amma na biyu da na uku girgiɗi suke yi kamar haƙorin da ya kusa fita, har ana jin ƙarfe yana bugun ƙarfe.

Notin farko tsatsa ta cije shi, sai da na jiƙa shi da mai na ba shi lokaci, na ƙara wa sufana tsawo da bututu, sannan ya saki. Bushin da ya fito ya cinye ta gefe guda har ya yi siriri kamar farce, ita ma kusar ta yi ƙugu a tsakiya. Abin da ya fi damuna shi ne ramin hannun kansa, wanda ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Na ɗora sabon bushi a ciki na haska fitila ta baya, sai ga haske yana ratsowa ta gefe kamar jinjirin wata. Ratar ba ta wuce milimita 2 ba, amma idan irinta ta taru a mahaɗa takwas, layin yakan duƙar da kai gaba, fayafayan da ke tsaga ƙasa su riƙa nitsewa da tasowa, tayoyin baya masu rufe rami kuma su rasa nauyin dannawa. Ƙwayar da ake so ta kwanta a zurfin santimita 5 sai wata ta tsaya a sama, wata ta lume.

Ƙanena, wanda shi ya iya walda, ya ce, “Yaya, mu zuba sababbin bushi kawai mu ɗaure da ƙarfi, ai zai kai mu ƙarshen shuka.” Na ce masa a'a, domin bushi mai da'ira a ramin da ya buɗe zai ci gaba da rawa, ya cinye kansa ya ƙara cinye ramin, kuma ɗaure noti fiye da kima ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. Muka yi shawarar cike ramukan da walda mu sake hudawa. Ya riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan yana barin ƙarfen ya huce, saboda zafi mai yawa a wuri guda yana lanƙwasa hannun. Da muka zo huda, muka haɗa hannayen biyu-biyu muka matse su tare, domin tazarar da ke tsakanin ramuka ta zama ɗaya a hannun sama da na ƙasa. Idan ta bambanta ko da kaɗan ne, layin ba zai ƙara tsayawa daidai ba. Wurin da aka yi wa walda ya yi tauri, har bakin abin huda ɗaya ya dakushe, na sauya wani.

Kusoshin da na tanada ma sai da na tantance su. Biyu daga ciki babu lamba a kansu, na ajiye su gefe na ɗauki masu 8.8, irin lambar da ke kan na asali, domin kusa mara lamba ba a san ƙarfinta ba. Na kankare tsohon giris ɗin da ya cakuɗe da ƙura, wanda a ganina shi ya yi rabin ɓarnar, don ya zama tamkar yashin goge ƙarfe a cikin mahaɗa.

Kafin duhu muka mayar da layi na biyu, na sake jijjiga shi da iyakar ƙarfina bai ce uffan ba, kuma yana hawa da sauka cikin sauƙi ba tare da ya cije ba. Hannayen layi na uku suna kan benci, biyu an cike su suna hucewa, ɗaya kuma na ga wata siririyar tsaga kusa da raminsa, wadda zan duba da hasken safiya kafin na yanke ko walda za ta riƙe shi ko sabo zan nema.