Doguwar hanyar makaranta ga yara masu buƙata ta musamman a Yamai

Duk lokacin da aka zauna tattauna karatun yara masu buƙata ta musamman a birnin Yamai, maganar ƙarancin malamai da tsadar kuɗin makaranta da rashin kayan aiki ita ce take cika bakin jama'a, kuma babu wanda zai ce ba ta cancanci hakan ba. Abin da ba kasafai ake taɓowa ba shi ne hanya, wato awannin da yaro yake shafewa a cikin mota tsakanin ƙofar gidansu da ƙofar aji. Ni uwa ce ga ɗaya daga cikin irin waɗannan yara. Autana an haife shi da lalurar ƙwaƙwalwa da ta taɓa ƙafafunsa da harshensa, yana kuma fama da farfaɗiya. Muna zaune a Harobanda, makarantar da ta karɓe shi kuwa tana can arewacin gari, don haka kullum sai ya ƙetare kogi sau biyu. Abin da na gani da idona ya sa na tabbata cewa hanya wani yanki ne na karatun yaro, kuma idan ta yi tsawo fiye da kima tana kwashe rabin amfanin da aka tura shi nema.

Dalilin tsawon nan ba ɓoyayye ba ne. Makarantar unguwa tana ɗiban ɗalibanta daga layuka kaɗan da ke kewaye da ita, yara suna zuwa da ƙafa, wasu ma sai sun ji ƙararrawa suke fitowa daga gida. Makarantar da take karɓar kurma ko makaho ko yaro mai jinkirin fahimta kuwa, daga dukan gundumomi biyar na birnin take tattaro nata. Makarantar kurame ta Hassane Bana Ba da makarantar makafi ta Soly Abdourahamane sun daɗe suna hidima, sun kuma yaye mutanen da ake alfahari da su a ƙasar nan, amma irinsu ƴan ƙalilan ne a garin da ya haura mutum miliyan ɗaya, wanda kullum yake ƙara miƙewa ta wajen Koira Tegui da Saga da hanyar filin jirgi. Gari yana faɗaɗa, makarantun suna nan inda suke. Idan wata cibiya ta yi ƙoƙari ta samu mota guda, to motar nan ce za ta zagaye gari duka, ta ɗauki ɗaya a nan, biyu a can, har ta cika.

A nan ne lissafin yake yi wa na nesa nauyi. Yaron da gidansu ya fi nisa shi ake fara ɗauka da safe, shi ne kuma na ƙarshen saukewa da rana, domin hakan ne ya fi wa direba sauƙin mai. Motar tana tsayawa ƙofar gidanmu jim kaɗan bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Daga nan ta ƙetare kogi, ta bi ta Gamkalley, ta karkata Talladje, ta dawo Wadata, ta ratsa Boukoki, kafin ta ɗauki hanyar arewa. Tafiyar da taksi zai yi cikin rabin awa idan hanya a buɗe take, sai ta kai kusan awa biyu. Kowace tsayawa ma tana da nata lokacin, domin waɗannan ba yara ba ne da za su yi tsalle su faɗa mota. Sai an ɗago wani, an naɗe kekensa, an nema masa wuri, an lallashi wanda ya ƙi shiga. Yawancin gidajen kuma ba a bakin kwalta suke ba, sai motar ta kutsa lunguna masu yashi, da damina kuwa masu taɓo da kududdufi.

Ga mu mutanen Harobanda akwai ƙarin batun gada. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ta yi shekara arba'in ita kaɗai take haɗa ɓangarorin gari biyu. An ƙara ta biyu, wadda Sinawa suka gina, a 2011, sannan ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021, kuma ba shakka an samu sauƙi. Duk da haka, wanda ya taɓa ƙetarewa da safe lokacin da ma'aikata da ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da manyan motocin kaya suka haɗu ya san yadda ake tafiyar hawainiya a wurin.

Mutumin da bai reni irin wannan yaro ba zai iya cewa ai zama ne kawai a mota, me ya yi zafi? Zama ga yaron da jijiyoyin ƙafarsa suke ɗaurewa aiki ne mai wuya. Kujerar motar an yi ta ne don babba mai lafiya, ba ta tallafe ƙugu, ba ta riƙe kai, ƙafafunsa suna reto ba su taɓa ƙasa. Duk ramin da mota ta faɗa sai jikinsa ya ƙanƙame. Idan na sauko da shi da rana, gwiwoyinsa a harɗe suke, sun yi tauri kamar icen da ya kwana a rana, sai na shimfiɗa shi a tabarma na yi ta murza su da man kaɗanya kafin su saki. Shatin ɗinkin kujera yana nan kwance a bayan cinyarsa. Masu gashin ƙashi suna gargaɗi a kan barin irin waɗannan yara a zaune wuri ɗaya na dogon lokaci, domin hakan yana ƙara ɗaurewar gaɓoɓi, yana kuma jawo gyambo a wuraren da ƙashi yake danne fata. Abin da muke biya a gyara a asibiti, shi hanya take warwarewa a kowace rana.

Sai kuma zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, kuma daidai lokacin da rana ta take ne ake dawo da yara gida. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, motar da ta tsaya cikin cunkoso kuma iska ba ta ratsa ta. Abin da ya fi damuna a nan wata dabara ce da mu iyaye mata muka koya wa junanmu, wadda ba ma son faɗinta a fili: muna rage wa yara ruwan sha da safe don kada fitsari ya kama su a hanya. Babu inda za a tsaya, babu mai kai su, kuma yaron da ya jiƙa wandonsa a gaban ƴan'uwansa kunyar tana bin sa har aji. Sai mu zaɓi ƙishirwa a kan kunya, alhali mun san rashin ruwa a jiki yana daga cikin abubuwan da suke tayar da ciwon amosanin jini, wanda ya yawaita a ƙasar nan, kuma akwai masu shi a cikin motar. Da hunturu kuma hazo ne da ƙura ke shigowa ta tagogi, masu ciwon ƙirji su sauka suna tari.

Barci ma yana cikin abin da ake asara. Masana lafiyar yara suna cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana, ƙarancin barci kuwa sananne ne a cikin abubuwan da ke tayar da farfaɗiya. Yaron da za a tashe shi kafin kiran sallar farko, a wanke shi, a ba shi koko da magani cikin gaggawa, a garin da zafi da ɗaukewar wuta suke hana kwanciya da wuri, da wuya ya cika wannan adadi. Malamarsa ta taɓa ce mini: “Hajiya, yaronki yana da ƙoƙari, amma darasin farko kullum a kan tebur yake yin sa, kansa a kife.” Awa ta farko ita ce lokacin da ƙwaƙwalwa take a sake, ita ce kuma wadda gajiyar hanya take ƙwacewa. Yaran da hayaniya da cunkoso suke firgita su kuwa, waɗanda suke toshe kunne idan an danna oda, suna isa makaranta a hargitse, sai malama ta ɓata lokaci tana kwantar musu da hankali kafin a buɗe littafi.

Ba na ɗora wa direba laifin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dattijo ne mai haƙuri, ya san kowane yaro da sunansa, kuma da hannunsa yake ɗaukar masu nauyi. Wata rana na ce masa: “Baba, idan farfaɗiya ta kama yaro kuna tsakiyar gada, yaya za ka yi?” Ya ce: “Hajiya, idona biyu ne, kuma dukansu na hanya ne.” Gaskiya ya faɗa. Mutum ɗaya ba zai riƙe sitiyari ya kuma lura da yaran da wasunsu ba sa magana, wasu ba sa ji, wasu ba sa iya gyara zamansu idan sun zame. Motar irin waɗannan yara tana buƙatar babba na biyu a baya, wanda ya san cewa mai farfaɗiya a kwantar da shi ake yi ta gefe, a kare kansa, ba a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kuma idan abin ya wuce minti biyar asibiti ake nufa. Wannan ilimi ne da ake koyarwa cikin yini guda.

Ina kuma sane da cewa mu da muke da motar da za mu yi ƙorafi a kanta muna cikin masu sa'a. Yawancin iyaye a Yamai babu wata motar makaranta da take zuwa ƙofarsu. Uwa ce take goya yaron da ya kai shekara takwas zuwa bakin titi, ta tsaya tana tare taksi, direba ya hango keken guragu ya wuce, ko ya ce sai an biya kuɗin mutum biyu. Faba-faba, wato ƙaramar bas ta haya, ba ta da wurin keke, kabu-kabu kuma haɗari ne ga yaron da ba ya iya riƙe kansa. Bayan wata biyu ko uku aljihu ya gaza, baya ya gaji, sai a ce a bari sai baɗi, baɗin kuma ba ta zuwa. Da yawa daga yaran da muke gani a zaure ko a bakin danja, hanya ce ta raba su da aji tun kafin a gwada ƙwaƙwalwarsu.

Wasu ƙasashe sun ɗauki wannan batu a matsayin abin da hukuma za ta auna. A Ingila, ƙa'idar ma'aikatar ilimi ta nuna cewa bai kamata tafiyar ɗan firamare ta wuce minti 45 a zuwa ko a dawowa ba, ta ɗan sakandare kuma minti 75, ko da yake can ma iyayen yara masu buƙata ta musamman suna kuka da yadda ake zarce hakan saboda nisan makarantunsu. A Amurka, dokar da ta samo asali a 1975 ta lissafa sufuri a cikin hidimomin da dole a tanadar wa yaro naƙasasshe idan karatunsa ya dogara da shi. A Faransa hukumomin yankunan da ake kira département ne suke ɗaukar nauyin kuɗin jigilar irin waɗannan ɗalibai. Aljihunsu ba namu ba ne, amma sanya iyaka ga tsawon tafiya ba ya buƙatar dukiya mai yawa, yana buƙatar a yarda cewa lokacin yaron nan yana da daraja.

Mu ma ba a hannu sake muke ba ta fuskar doka. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci sufuri, sashe na 24 kuma ya ce yara naƙasassu su samu ilimin firamare tare da sauran yara a cikin al'ummar da suke zaune. A watan Disamba na 2019 an kuma kafa dokar ƙasa kan shigar da naƙasassu cikin harkokin rayuwa. Tun a 1994, a taron Salamanca na ƙasar Sifen, gwamnatoci 92 suka amince cewa makarantar unguwa ita ce ya kamata ta buɗe ƙofa ga kowane yaro. Ƙungiyoyi irin su Humanité et Inclusion mai tallafa wa naƙasassu da tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta Nijar sun yi aiki a kan haka, an horar da malamai, an gyara mashigar wasu azuzuwa. A ganina maganin doguwar hanya na haƙiƙa yana nan. Akwai makarantar gwamnati da ba ta fi tafiyar minti goma da gidanmu ba. Da tana da gangaren da keke zai hau, da makewayin da zai shiga, da malami ɗaya da ya samu horo, kuma ajin bai cika maƙil ba, da autana ya yi barcinsa ya ƙoshi, yayyensa su tura shi zuwa aji. Na san akwai yaran da lalurarsu take buƙatar cibiya ta musamman, kamar kurman da zai fara koyon maganar hannu a cikin ƴan'uwansa, don haka mota ba za ta daina amfani ba. Amma idan aka rage masu buƙatarta, zagayen ma zai ragu.

Kafin a kai can, mu iyayen da yaranmu suke shiga mota ɗaya mun zauna mun tsayar da abin da za mu kai wa shugabar makaranta. Muna so a riƙa juya zagayen, wanda aka fara ɗauka da safe a fara sauke shi da rana, ko da za mu ƙara wani abu a kuɗin mai. Mun yarda mu haɗa kuɗi a ɗauki mace guda da za ta riƙa zama a baya tare da yara, da jarkar ruwa da lambobin wayarmu a hannunta. Mu na Harobanda kuma muna neman taksi ɗaya amintacce da zai kwashi namu kai tsaye ba tare da zagaye ba. Takarda ta biyu ta hukumar gundumarmu ta biyar ce, kuma abin da muka roƙa a ciki shi ne a zaɓi makarantar gwamnati guda a wannan ɓangaren kogi, a gyara mata aji da makewayi, a turo mata malami mai horo kafin komawar makaranta ta watan Oktoba.