Kafin Ka Ce Laftof Ɗinka Ta Mutu

Ƙannena masu tara kuɗi su sayi laftof 'yar Beljiyam, ku sani akwai ranar da za ka danna maɓalli ta yi maka shiru. Ranar nan kada ka ɗauki sukudireba. Ni na ɗauka, na kwance bayan tawa cikin gaggawa, na tsinke siririyar wayar da ke haɗa madannai da allon ciki (motherboard, wanda duk kayan na'urar ke haɗe a kansa). Daga baya aka gano cajar ce kawai ta lalace. Na biya kuɗin caja, na kuma biya kuɗin ɓarnar hannuna.

Fara daga bango. Sauya soket, sannan ka dubi cajar da kyau. A jikinta da kuma ƙarƙashin laftof an rubuta ƙarfin wutar da take sha: yawancin HP da Dell 19.5V, Lenovo kuma 20V. Shigar bakin caja cikin rami ba shi ne dacewa ba. Cajar Dell da ta HP masu zagayen baki suna da ɗan tsinke a tsakiya, da shi na'urar ke gane cajarta. In ya karye ko ya lanƙwashe, sai ka ga batir ya ƙi cika, har wata rana ya ƙare ƙaf. Ari cajar aboki mai irin taka ka gwada, ko mai gyara ya auna maka da mita. Ni araha ta ja ni na sayi caja mara nauyi kamar fanko, ga wutar janareta tana hawa tana sauka, ba ta daɗe ba.

In caja lafiya take, cire ta, cire batir in mai cirewa ne, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30. Mayar da caja kaɗai ka kunna. Wasu laftof na Lenovo samfurin ThinkPad masu batir a ciki suna da ɗan rami a ƙasa da ake tsokana da allura don wannan aikin.

Sai ka kasa kunne. Fanka na juyi? Fitilar Caps Lock na ƙiftawa? To wuta na shiga, hoto ne bai fito ba, kuma wannan ciwo daban ne. Haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito can, matsalar gilashi ce ko wayarsa. In bai fito ba, sau da yawa RAM, wato ɗan siririn katin ƙwaƙwalwar aiki da ke cikin na'urar, ne ya motsa ko ƙurar hunturu ta hau shi. Nan kam buɗewa ta halatta, amma bayan ka cire caja da batir. Zare RAM ɗin, goge haƙoransa masu ruwan zinare da abin goge fensir, ka mayar har ka ji ƙas. Tsofaffin na'urori kuma ƙaramin batirinsu mai kama da kwabo, CR2032, yakan mutu ya hana su tashi.

Amma in fitilar caja ta mutu da zarar ka soka ta, ko ka ji ƙaurin ƙuna, ko batir ya kumbura har ya ɗaga murfi, tsaya haka nan, aikin mai gyara ne. Ka tsaya a kansa ya auna a gabanka kafin ka yarda cewa allon ciki ya ƙone, kuma in za ka bar ta a shago, a zare maka faifan ajiyar bayananka ka tafi da shi gida.