Abin da aikin kine, wato jinya ta hanyar motsa jiki, ya koya min kan ruwan ɗumi da amosanin gaɓɓai

Masu amosanin gaɓɓai, wannan da dokta ke rubutawa poliartirit a karne, wato katin asibiti, ba sa isowa wajenmu a nan Garwa ta Kamaru sai an gama yawo da su. An yi ƙaho an yi tsaga, an sha jiƙo, an sha diklofenak na tebur har ciki ya fara ƙuna, wai duk sanyi ne ya shiga ƙashi. Alhali garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin 'yar fatar da ta lulluɓe gaɓa ta ciki, shi ya sa za ka ga hannu biyu sun kama tare, yatsu da wuyan hannu, da safe su sandare fiye da awa guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi a duniya, kashi 70 cikin ɗari mata, mu ma dai iyayenmu mata muka fi gani.

A lakwal an koya mana motsa jiki cikin pisin, wato kwamin wanka, mai ɗumin digiri 33 zuwa 35, in ruwa ya kai ƙugu ya ɗauke ma rabin nauyinka, in ya kai wuya kusan kashi 90, sai ka ga gwiwar da ta ƙi taka ƙasa tana tafiya. Amma abin da na fi ganewa a bakin aiki shi ne ɗumin nan ƙofa kawai yake buɗewa, ya sassauta nama ya kwantar da zogi na ɗan lokaci, motsin da aka yi a wannan lokacin shi ne aikin. Wadda ta tsoma hannu ta zauna shiru daɗi kawai ta ji.

To ina pisin ɗin ma? Na otal ba ɗumama shi ake ba, ga kuɗi, kuma wace Hajiya ce za ta shiga gaban mutane. Kogin Binuwai da tafkin Lagdo kam ina hana su kai tsaye, akwai tsargiya, ga maganin da suke sha yana rage garkuwa. Don haka roba da bokiti muke koyarwa. Nakan ce Inna a gwada ruwan da gwiwar hannu tukun, ɗumi fa ba zafi ba, ki sa hannu biyu minti 10 zuwa 15, ki dunƙule ki buɗe a hankali, babban yatsa ya taɓo sauran ɗaya ɗaya, ki juya wuyan hannu, ki matsa soso mai laushi. Ƙafa kuma a bokiti. Kullum da safe musamman lokacin hunturu, ba sai ranar da aka tuna ba. Mai ciwon suga a gwada mata ruwan don ƙafarta ba lallai ta ji ƙuna ba, mai miki ko zazzaɓi ta dakata, ranar da gaɓa ta kumbura tana zafi rau kuwa tsumma mai sanyi da hutu sun fi.

Abin da ke ci min rai wallahi shi ne wadda ta ji sauƙi sai ta ajiye metotirezat ɗinta, maganin da ke rage wa ciwon ƙarfi, tace ruwa ya isa. Ruwa ba ya hana ciwon cin gaɓa, yatsan da ya riga ya karkace kuma ba ya miƙewa. Maganin sau ɗaya ake sha a sati ba kullum ba, tare da asid folik da awon jini, mai ciki ba ta sha sam.

Yanzu ina roƙon a zo min da 'ya ko jika ranar koyarwa, don hannun da ya sandare da asuba ba zai iya hura gawayi ya sauke tukunyar ruwa ba, in babu mai ɗora mata ruwan duk abin da muka koyar a lopital yake tsayawa.