Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a tafiyar tsibiran Sikotlan

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi na dawo Gilasgo lafiya, abokin tafiyata shi ma yana gida ƙafa na ta sauƙi, shi ne nace bari in zauna in rubuta godiyar nan a fili, don yaba kyauta tukuici, kuma waɗanda suka taimake mu suna da yawa wasu ma ko lambar wayarsu ban da ita. Sannan masu kira suna tambayar me ya faru, gara in bada labarin gaba ɗaya kowa ya ji.

Ga wanda bai sani ba, karatun da nake yi anan akan adana tsofaffin gine-gine ne, yadda za a gyara gini mai ɗaruruwan shekaru ba tare da an ɓata shi ba. Binciken ne ya kai ni tsofaffin majami'un da ke tsibiran yammacin ƙasar, ni da wani ɗan'uwa ɗan Jos da muke aji ɗaya. Na san akwai waɗanda suka turo min saƙo suna cewa me Musulmi zai je yi a coci, ban ji haushi ba wallahi don na san kulawa ce. Amma tun kafin in tashi na kira Baba na faɗa masa, yace in je in buɗe ido in koyo abin da zai amfani mutane, in riƙe sallata akan lokaci. Na riƙe kuwa. Baba na gode, Allah ya ƙara girma da nisan kwana.

Tsibirin Iona muka fara nufa. Daga Oban ka shiga babban jirgin fito zuwa Craignure a tsibirin Mull, daga nan bas ya ɗauke ka sama da awa ɗaya akan wani siririn titi da mota ɗaya kawai yake ɗauka, in kun haɗu da wata dole ɗaya ya raɓe a gefe, ga tumaki kwance a tsakiyar hanya abinsu. Sai ka isa Fionnphort, ƙaramin jirgi ya tsallaka da kai cikin minti goma. Baƙo ba ya shiga da motarsa, ƙafa ce kawai. Tsibirin tsawonsa mil 3 ne da ɗan kai, mazaunansa basu kai 200 ba, amma tarihin da ke kwance a wurin ya fi ƙarfin girmansa nesa ba kusa ba. A shekarar 563 Waliyi Kolumba ya tsallako daga Ailan da mutum 12 ya kafa gidan masu zaman zuhudu anan, ya rasu a 597, kuma daga wannan ɗan tsibirin aka riƙa fita wa'azi zuwa sassan Sikotlan har arewacin Ingila.

Godiyata ta farko a can ta wata baiwar Allah ce ma'aikaciyar hukumar da ke kula da wuraren tarihi na ƙasar, wadda malamina ya haɗa ni da ita. Ruwa na sauka amma matar nan ta zagaya damu lungu lungu bata gajiya da tambaya. Ita ta fahimtar da ni cewa babban ginin da ake gani yanzu ba na zamanin Kolumba ba ne, nasu na itace ne da ƙasa ya daɗe da shuɗewa, wannan na dutsen wajen shekarar 1200 Ranald ɗan Somerled, mai mulkin tsibiran yankin a lokacin, ya kafa shi, ya kuma gina wa mata masu zuhudu nasu gidan a can gaba kaɗan, 'yar'uwarsa Bethoc ce shugabarsu ta farko. Na matan yanzu kango ne babu rufi, amma an shuka furanni a tsakar gidan, kuma jan dutsen da aka yi ginin da shi in ruwa ya jiƙa shi sai ka ga yana ɗaukar ido. Bayan sauyin addini na 1560, lokacin da ƙasar ta bar ɗarikar Katolika ta koma Furotesta, wurin ya zama kufai tsawon lokaci, sai a 1899 mai sarautar Argyll ya miƙa shi ga amintattu aka fara gyara, sannan a 1938 wani limamin coci daga unguwar Govan ta nan Gilasgo, George MacLeod, ya kwaso magina marasa aikin yi da ɗaliban aikin limanci suka haɗu suna tada sauran ɗakunan.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dogon gicciyen dutsen nan na Waliyi Martin da ke ƙofar majami'ar, ya haura mita 4, dutse ɗaya ne aka sassaƙa, kuma sama da shekara 1200 yana tsaye a gurbinsa ba a taɓa matsar da shi ba. Ta ce in matso in duba ta fuskar yamma, ta bi da yatsa tana nuna min ba tare da ta taɓa ba, ga Daniyel a tsakiyar zakoki, ga Annabi Dauda da molonsa, ga Annabi Ibrahim ya ɗaga takobi ɗansa na gabansa. Iskar teku da gishiri sun cinye fuskokin amma hannun da aka ɗaga yana nan sarai. Ni da ɗan'uwana muka tsaya shiru, kowa ya san labarin tun yana yaro ta hanyar gidansu. Kuma ku tuna dutsen nan yana tsaye lokacin da maharan Viking, masu zuwa ta teku daga arewacin Turai, suka riƙa faɗo wa tsibirin, a 806 kaɗai mutum 68 suka kashe a cikin masu zuhudun.

Ta fannin aikina kuma ta nuna min inda aka taɓa liƙe tsakanin duwatsu da siminti a wasu tsofaffin gyare-gyare, da yadda yanzu ake komawa kwaɓin farar ƙasa da yashi, saboda siminti yana riƙe danshi a cikin bango dutsen ya riƙa ruɓewa ta ciki, ita kuwa farar ƙasa tana barin bango ya sha iska ya bushe. Nan take na tuna gidajen ƙasa na cikin birni a gida da ake yaɓe su da siminti, bayan 'yan damina yaɓen ya ɓanɓaro da rabin bangon. Matsala ɗaya ce wallahi, kuma wannan darasin kaɗai ya biya min kuɗin tafiyar.

To daga nan ne jarrabawar ta zo. Akwai wata tsohuwar hanya da aka shimfiɗa da duwatsu wadda a da ake bi da gawa zuwa maƙabartar da ke gefen ɗan ƙaramin cocin Oran, wanda shi ne gini mafi tsufa da ke tsaye cikakke a tsibirin, na ƙarni na 12. Maƙabartar ce wani rubutu na 1549 yace akwai sarakunan Sikotlan 48 a ciki, kuma anan aka binne John Smith shugaban jam'iyyar Leba ta Birtaniya a 1994. Muna fitowa santsi ya kwashi ɗan'uwana akan duwatsun nan ƙafa ta gurɗe, kafin kace me idon sawu ya kumbura suntum ba ya iya takawa. Daidai lokacin kuma iska ta taso, irin wadda mutum ba ya iya miƙewa tsaye sosai, aka sanar an dakatar da jirgi sai yadda hali ya yi. Ga mara lafiya, ga teku ta rufe, ga ɗakin da muka kama kwanansa ya ƙare, kuɗin ɗalibi kuma kun san yadda yake.

Mama mai masaukinmu, na san ba Hausa kike ji ba amma nasa an fassara miki wannan kuma zan aiko miki ta gidan waya. Matar nan cewa ta yi ba inda zamu, mu zauna har jirgi ya dawo, maganar kuɗi a bari sai daga baya. Ta kira maƙwabcinta ya zo da ƙaramar motar gona ya ɗauko ɗan'uwana har ƙofar gida, ta kira wata tsohuwar nas da ta yi ritaya ta zo cikin ruwan nan ta duba ƙafar ta naɗe da bandeji tace a ɗaga ta sama a riƙa sa ƙanƙara. Ban ce mata komai akan abinci ba, ita da kanta ta tambaye ni me nake ci me ba na ci, daga ranar kifi take dafa min da miyar ganye da dankali, har tukunya daban ta ware. Da asuba ta farko na fito zan yi alwala na tarar ta ajiye min tawul mai ɗumi a bakin banɗaki, ta kuma matsar da teburin falo don in samu wurin shimfiɗa darduma, don ta ga ɗakinmu ya matse. Ba wanda ya roƙe ta. Allah ya saka miki da alheri ya ba ki lafiya, ya albarkaci jikokin nan da kike ta nuna mana hotunansu.

'Yan'uwa na guruf ɗin 'yan Arewa mazauna Gilasgo, ku kam ban san da wane baki zan gode muku ba. Saƙo ɗaya na tura da netwok ya ɗan kawo, kafin dare kun haɗa abin da ya biya ƙarin kwanakin masauki da tikitin komawa, har da canji. Na ga sunan kowa, har ƙannenmu da suka zo bana waɗanda na san su ma lallaɓawa suke. Yaya da ya tuƙo mota tun daga Gilasgo har Oban ya jira mu a bakin jirgi ya kai mu asibiti, Allah ya biya ka. An ɗauki hoton ƙafar, ba karaya, targaɗe ne mai tsanani, likitoci da nas-nas ɗin wurin sun karɓe mu hannu bibbiyu, su ma na gode.

Ɗan'uwana ya bi Yaya gida, amma sai da ya sa na yi masa alƙawarin zan ƙarasa tafiyar in kawo masa hotunan tsohon cocin Rodel da ke tsibirin Harris, don shi ne ma ya fi ni ɗokin wurin. Na bi ta tsibirin Skye na tsallaka zuwa Harris, kuma saboda iskar ta rikita tsarin gaba ɗaya sai zuwana ya faɗo a Lahadi. Mutanen Harris ba sa wasa da Lahadi, shaguna a rufe, bas ba ya tashi. Ina tafe a gefen titi da jaka wani dattijo ya tsaya da motarsa, daga ibada yake shi da matarsa suna magana da yarensu na Gelik, ya tambayi inda zan je, na faɗa, yace in shigo. Ba hanyarsa ba ce fa, ya wuce gidansu ya kai ni can ƙarshen kudancin tsibirin ya kuma zauna a mota yana jirana. Cocin Waliyi Kilement na Rodel ɗan ƙarami ne da hasumiya akan dutse, ciki duhu da sanyi. Shugaban dangin MacLeod, Alasdair Crotach, shi ya gina shi ya kuma sa aka sassaƙa masa kabarinsa a jikin bango a 1528 tun yana raye, kusan shekara ashirin kafin ya rasu. Ga siffarsa kwance cikin sulke, a bangon da ke samansa kuma an zana jirgin ruwansa da filafilai, ga gidan sarauta, ga mafarauta da karnuka suna bin barewa, ga mala'ika da shaiɗan a gaban ma'auni ana auna rayuka. Na daɗe a gaban ma'aunin nan da tocilan ɗin waya a hannuna. Da na fito dattijon ya kai ni gida aka bani shayi da burodi da miya mai zafi, na ciro kuɗin mai ya ture hannuna yace kar in sake. Baba, Allah ya sa ka gama lafiya.

Malamina da ya ɗaga min ranar miƙa aiki ba tare da na yi dogon bayani ba, na gode. Umma da ta hana kanta barci tana addu'a tun da ta ji teku ta rufe damu, da uwargida da ta riƙe yara ta kuma ɓoye min damuwarta a waya don kar hankalina ya rabu biyu, ku yafe min tashin hankalin da kuka shiga, Allah ya bar mu tare. Matar ɗan'uwana da take ta jinya yanzu, sannu da ƙoƙari, Allah ya bashi lafiya ya miƙe, don akwai sauran tafiyar tsibiran Orkney a gabanmu in rani ya shigo, zamu je ganin babban cocin Magnus na Kirkwall da aka fara ginawa a 1137, yace ko da sanda ne sai ya je.

Wanda na manta ban ambata ba ya yi haƙuri ya yafe min, ba raini ba ne. Masu tambayar hotuna, ina kan tace su, zan tura a guruf ranar Asabar in Allah ya kai mu, kuma ɗaliban gine-gine na gida da ke son bayanin kwaɓin farar ƙasan nan ku yi min magana in turo muku abin da na rubuta. Na gode, na gode, Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.